Wane tiraifod zan saya don tafiyar hunturu a kan tsaunuka?

Wani mai ɗaukar hoto daga Zariya ne ya aiko da tambayar. Ya ce yana shirin zagaye tsakanin Disamba da Janairu: zai fara da dutsen Kufena, ya wuce duwatsun Shere a Jos, ya ƙarasa tsaunin Mambila. Kamararsa ƙarama ce, marar madubi, yana da gilashi mai faɗi na milimita 24 da dogo mai kaiwa 200. A kwalin tiraifod ɗin da yake amfani da shi, wato abin ɗora kamara mai ƙafa uku, an rubuta cewa yana ɗaukar kilo 8, amma da zarar iska ta taso sai hotunan nesa su fito dishi-dishi. Yana son wanda ba shi da nauyi, mai shiga jaka, wanda kuma iska ba za ta girgiza ba.

Malam, Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya. Wuraren nan uku da ka zaɓa duk fili ne a sama, babu abin da ke tare iska. Kufena falalen dutse ne, ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800, Mambila kuwa tudun ciyawa ne mai tsayin kusan mita 1,600, kana iya tafiya mai nisa ba ka sami bishiyar da za ka raɓa ba. Ga shi lokacin da ka tsayar shi ne tsakiyar hunturu, sa'ad da iskar arewa maso gabas take kan ganiyarta.

Abubuwa biyar kowa yake so a tiraifod ɗin tafiya: rashin nauyi, gajarta idan an naɗe, tsawo idan an miƙe, ƙarfin tsayuwa, da araha. Ba a samun su duka a wuri ɗaya, dole ka bar wani. Shawarata ka bar tsawo. Mafi yawan masu saye ƙarfin tsayuwa suke bari ba tare da sun sani ba, don shi kaɗai ne ba a rubuta shi a kwali.

Iska tana yi wa kamara illa iri biyu, kuma maganinsu daban. Na farko ta kifar da ita gaba ɗaya. Wannan kowa na tsoronsa, maganinsa nauyi da faɗin tsayuwa. Na biyu ta sa ta rawa, rawar da ido ba ya gani, kamara na tsaye a wurinta amma tana karkarwa. Wannan shi ne abin da ya ɓata maka hotuna, kuma ƙara nauyi bai cika warkar da shi ba, sai ƙafafun da ba sa lanƙwasa. Ka duba ƙanƙantar motsin da ake magana. A kamara mai cikakken faifai (faifan da ke karɓar haske ya zama hoto) da ɗigo miliyan 24, faɗin kowane ɗigo bai wuce kashi shida cikin dubu na milimita ba. Da gilashin milimita 200, idan kamarar ta juya da kusan kashi biyu cikin dubu na digiri ɗaya, hoton ya gusa da ɗigo guda. A tsawon ƙafa mai mita ɗaya, wannan motsi bai kai kaurin silin gashi ba. Da gilashin 24 kuwa sai motsin ya ninka haka sau takwas kafin ya yi wannan ɓarna. Shi ya sa hotunanka masu faɗi suke fitowa garau, na nesa su lalace, alhali tiraifod ɗaya ne, rana ɗaya, wuri ɗaya.

Ƙarfin turin iska kuma ba a hankali yake hawa ba. Idan gudunta ya ninka biyu, turinta ninki huɗu yake yi. Akwai ma'aunin Beaufort da matuƙan jiragen ruwa suka daɗe suna aiki da shi, yana da amfani ga mai hoto don da ido ake karanta shi. Idan ka ga ƙura da tarkacen takarda suna tashi, ƙananan rassa na motsi, iskar tana tsakanin kilomita 20 zuwa 28 a awa, tiraifod mai kyau zai jure. Idan ƙananan bishiyoyi suka fara rangaji, ta kai 29 zuwa 38, a nan ƙananan tiraifod na tafiya suke fara kasawa da dogon gilashi. Idan manyan rassa na kaɗawa, riƙe lema ya gagara, ta kai 39 zuwa 49, sai dabara ta haɗu da kayan aiki. Abin da ya wuce nan, inda tafiya ma take yi wa mutum wuya, ka rage ƙafafu zuwa ƙasa sosai ko ka nemi bayan dutse.

Yanzu batun kilo 8 ɗin da ke kwali. Babu wata ƙa'ida ɗaya da kamfanoni suka yarda a kai wajen auna wannan adadi, kowanne da yadda yake lissafinsa. Iyakar abin da yake gaya maka shi ne ƙafafun ba za su zame ko su karye a ƙarƙashin wannan nauyi ba. Bai ce komai a kan rawa ba. Kamararka da dogon gilashinta da ƙyar su wuce kilo biyu da rabi, ga shi kuma ka ga sakamakon da idonka. Kada wannan lamba ta sake yanke maka hukunci.

Lambar da za ka nema ita ce kaurin bututun ƙafa, na sama da na can ƙasa. Taurin bututu yana ƙaruwa da sauri fiye da kaurinsa: wanda ke da milimita 28 ya ninka mai 22 wajen ƙin lanƙwasa, in dai kaurin bangonsu da abin da aka yi su da shi ɗaya ne. Ga gilashin 200 a cikin iska, ni ba na sauka ƙasa da milimita 28 a gaɓar sama. Mai 25 zai yi idan ba ka miƙe shi duka ba. Mai 22 na kamara ce da gajeren gilashi a ranar da gari ya yi tsit. Wasu kamfanoni sun sauƙaƙa abin, suna sa adadin a sunan kaya: a jerin Leofoto, alal misali, 284 na nufin bututun milimita 28 mai gaɓa huɗu. Gitzo kuma lambar aji yake bayarwa, aji na 1 kusan milimita 25, aji na 2 kusan 29.

Yawan gaɓoɓi shi ne abu na gaba. Kowace gaɓa tana shiga cikin ta samanta, don haka dole ta fi ta siranta, kowane maɗauri kuma wuri ne da motsi ke iya shiga. Gaɓa biyar na sa tiraifod ya naɗe gajere ƙwarai. Na tafiya da Peak Design ya fitar a 2019 gaɓa biyar gare shi, yana naɗewa zuwa kusan santimita 39, na kabon ɗinsa kusan kilo 1.3, na alminiyam kusan 1.6. Ƙira ce mai kyau ga wanda ƙanƙanta ce babban burinsa. Ga irin tafiyarka na fi son gaɓa huɗu. Gaɓa uku ta fi kowacce tauri, sai dai tsawonta a naɗe yakan haura santimita 60, ba ta shiga jaka, kuma tiraifod ɗin da ya gundure ka da ɗauka za ka bar shi a masauki ranar da ka fi bukatarsa.

Sandar tsakiya ita ce babbar matsalar tiraifod na tafiya, zan ɗan daɗe a kanta don a nan ake yaudarar mai saye. Tsawon da ake rubutawa da manyan baƙaƙe, santimita 150 ko 160, yawanci da sandar a ɗage ne. Da ka ɗaga ta, kamara ta bar mahaɗar ƙafafu uku, inda ƙarfin yake, ta koma kan bututu ɗaya tsaye, iska na kaɗa ta yadda ta ga dama. Irin waɗanda ƙafafunsu ke juyewa sama su rungumi kan idan an naɗe, su ma sai an zaro sandar kafin su naɗu, don haka mutane da yawa suke barin ta a ɗage saboda sabo. Ka nemi tsawon da tiraifod yake kaiwa sandar na ƙasa, wannan ne tsawonsa na gaskiya. Santimita 125 zuwa 135 ya ishe ka. Kan da ake ɗaura kamara a kansa zai ƙara kusan goma, jikin kamara ya ƙara kusan goma, ga allon kamararka da ke ɗagowa sama, ba sai ka sa ido a mahangi ba. Da ni ne, wanda ba shi da sandar tsakiya sam zan saya, ko wanda ake iya cire ta a ajiye a gida. Ya fi sauƙin nauyi, mahaɗarsa ta fi ƙarfi, yana kuma sauka har dab da ƙasa.

Kabon ko alminiyam? Tun da Gitzo ya fito da tiraifod na kabon a 1994 ake wannan muhawara. Kabon ya fi tauri idan aka kwatanta da nauyinsa, rawa kuma tana mutuwa a cikinsa da wuri. Ba ya ɗaukar zafi ko sanyi kamar ƙarfe, abin da za ka gode masa da asubar Gembu a kan Mambila, lokacin da riƙe alminiyam da hannu tsirara yake zama azaba. Rauninsa shi ne duka mai kaifi: idan ya bugu da gefen dutse ko aka danne shi da kaya a but ɗin mota, yana iya tsagewa, alhali alminiyam lotsawa kawai zai yi. Idan aljihu zai iya, ka ɗauki kabon mai kauri, ƙafafu da kai su kama kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan kuɗin bai kai ba, alminiyam mai kauri na kilo biyu zuwa biyu da rabi ya fi siririn kabon mai araha nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado, amma a nan ka sani kauri kake biya, kalmar kabon da ke jikin kwali ba ta tsayar da kamara. Benro da Sirui da Leofoto suna da kaya masu kyau a matsakaicin farashi, Manfrotto na da na alminiyam masu juriya, na hannu ma yana da kyau idan maɗauransa ba su saki ba.

Mutane na zuba kuɗi a ƙafafu su manta da kai, alhali sau da yawa daga nan rawar take. Kai mai ƙwallo ya dace da tafiya. Ka nemi wanda ƙwallonsa ya kai milimita 36 zuwa 40, gajere, mai zama dab da mahaɗa. Farantin da ake ɗaura wa kamara ya zama na ƙarfe, irin na Arca-Swiss da kamfanoni da yawa suke bi, ka ɗaure shi da alanki ko da kwabo har ya daina juyawa. Farantin roba mai laushi shi kaɗai ya isa ya ɓata aikin tiraifod mai tsada. Idan dogon gilashinka yana da zobe mai ƙafa, a nan za ka ɗaura, kada ka bar shi yana reto a gaban kamara. Tiraifod ya fi rauni wajen murɗawa hagu da dama, kuma daidai wannan murɗawar iska take yi idan ta bugi dogon gilashi daga gefe. Idan kana yawan ɗaukar hoto a tsaye, faranti mai kusurwa irin harafin L yana barin kamara a tsakiyar ƙafafu, maimakon ka karkatar da ita gefe guda inda nauyi ke rinjaya.

Kafin ka biya, ka je shago da kamararka da dogon gilashin. Ka miƙe ƙafafu duka, ka ɗaura, ka nufi wani rubutu mai nisa, ka girmama hoton a allo har ƙarshe. Sannan ka ɗan ƙwanƙwasa tsakiyar ƙafa ɗaya da yatsa ka kalli allon. Mai kyau zai yi rawa ya tsaya kusan nan take. Idan ka ƙirga uku, huɗu, biyar yana ta karkarwa, ajiye shi. Ka kuma kama mahaɗar da hannu ka murɗa a hankali, ka ji ko ƙafafun suna bin hannunka. Ka duba ko takalman ƙasan suna kwancewa a sa ƙusoshi, kana bukatar duka biyun: roba a falalen Kufena da duwatsun Shere, ƙusa a ciyawar Mambila, inda takalmin roba ke zama a kan tabarmar saiwoyi mai laushi ba tare da ya taɓa ƙasa mai tauri ba.

Rabin aikin yana ga yadda ka kafa shi. Ka fara miƙa gaɓoɓi masu kauri, sirara su zauna a ciki sai in dole. Ka buɗe ƙafafu zuwa mataki na biyu idan iska ta yi ƙarfi, kamara ta sauko zuwa ƙugu ko gwiwa. Iska kanta ta fi rauni kusa da ƙasa, gajerun ƙafafu kuma sun fi tauri, riba biyu ke nan. A bakin ƙololuwa iska take matsewa ta ƙara gudu, ja da baya 'yan taku ko raɓa wani dutse yakan rage ta ƙwarai.

Za ka ji ana cewa a nuna ƙafa ɗaya wajen da iska ke fitowa. Ni akasin haka nake koyarwa, ga dalili. Daga tsakiyar tiraifod zuwa ƙafa ɗaya ya ninka nisan da ke daga tsakiya zuwa layin da ya haɗa sauran biyun. Idan iska ta tura shi wajen giɓin da ke tsakanin ƙafa biyu, da sauƙi yake kifewa. Idan ta tura shi kan ƙafa guda, ƙafar ta tokare, sai turin ya kusan ninka biyu kafin ya faɗi. Don haka ƙafa ɗaya ta nufi inda iskar take zuwa, wato a hunturu wajen kudu maso yamma, kai kuma ka tsaya ta ɓangaren da take fitowa, jikinka ya zama garkuwa, ba tare da babbar rigarka ko jaket ɗinka na taɓa ƙafafun ba. A gangare, gangaren ne ke da iko: ƙafa ɗaya ta yi ƙasa.

Ƙugiyar da ke ƙarƙashin mahaɗa, wadda ake rataya jaka, tana da amfani, tana kuma da haɗari. Jakar da ke reto a iska rawa take ƙarawa, wani lokaci ma ta bugi ƙafa. Ka bar jakar a ƙasa, ka haɗa ta da ƙugiyar da robar ɗaure kaya irin ta 'yan acaɓa, ta ja ƙasa da ƙarfi jakar kuma ba ta motsi. Wannan na hana kifewa, yana kuma dasa ƙafafun cikin ƙasa mai laushi. Ka cire igiyar wuya daga kamara ko ka naɗe ta tam, don kaɗawarta kaɗai na ɓata hoto. Hular gaban gilashi ita ma tana tara iska. Idan rana ba ta gabanka, cire ta, amma ka bar tacen kariya a gaban gilashin saboda ƙura.

Saitin kamara zai cike abin da ya rage. Jinkirin daƙiƙa biyu tsakanin dannawa da ɗauka yana kawar da motsin yatsanka, amma bai san lokacin da iska za ta lafa ba, don haka rimot ko manhajar waya ta fi, ka saurari iskar ka danna a tsakanin bugu da bugu. Ka yi amfani da shota ta lantarki idan kamararka na da ita, shota ita ce ke buɗe wa haske hanya lokacin ɗauka. Kada ka ji ƙyashin ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, zuwa 400 ko 800 don shota ta yi sauri, ɗan yashi a hoto ana gyara shi a kwamfuta, rawa kuwa ba ta gyaruwa. Ka ɗauki biyar ko shida a jere, galibi ɗaya zai fita tsaf. Na'urar hana rawa ta cikin gilashi, da ake cewa a kashe ta a kan tiraifod, a iska mai ƙarfi da dogon gilashi takan taimaka idan shota ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Idan za ka buɗe na daƙiƙoƙi, kashe ta. Ka gwada duka biyun a gida kafin tafiya, don kamara ta bambanta da kamara. Idan shota na da sauri kamar ɗaya bisa ɗari, dafa hannu a saman gilashin daidai kan mahaɗa yana kashe rawa, a dogon buɗi kuwa kada ka taɓa komai.

Lokaci ma kayan aiki ne. A ƙasa mai shimfiɗa, iskar hunturu takan kwanta da asuba, ta taso da hantsi, ta sassauta da yamma. A kan tsauni tana iya kwana tana busawa, amma duk da haka asuba da dab da magariba sun fi, haskensu ma ya fi kyau.

Wani abin lura, kada ka ɗora wa tiraifod laifin da ba nasa ba. Hazon hunturu, wanda kaso mai yawa na ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, yana dusashe duk abin da ke nesa ko da kamara a kan siminti take. Ka girmama hoton ka duba. Idan gefen abubuwa ya ninku biyu ko ya ja zuwa ɓangare guda, har da na kusa, rawa ce. Idan na kusa ya fita ƙal, na nesa ya yi fari-fari babu kaifi, hazo ne, sai haƙuri da jiran ranar da gari ya washe. Idan layuka madaidaita sun yi kamar suna malala da tsakar rana, tururin zafi ne daga dutse.

Wajen ɗauka, wanda ya naɗe zuwa santimita 45 ko 50 yana shiga akwatin hannu na jirgi, wanda tsawonsa yakan tsaya a 55 ko 56, sai dai jirage da yawa kilo 7 suke bari, ƙusoshin ƙafa kuma gara su tafi cikin babban akwati. A motar haya kada ka ba da shi a jefa but, riƙe shi tsakanin ƙafafunka. A kan babur ka naɗe shi da zane ka goya a baya tare da jaka, kada a ɗaure shi a kariya, girgizar hanyar hawa Mambila na kwance ƙusoshi. Idan tafiyar ta ja ta kai farkon damina, ka ga hadari ya haɗo daga gabas da guguwar nan da ke riga ruwa isowa, naɗe kayanka ka sauka daga dutse tun kafin tsawa ta fara. Kabon da alminiyam duk suna ɗaukar lantarki.

Ƙura za ta shiga maɗaurai ko ka so ko ka ƙi. Na murɗawa sun fi dacewa da wannan yanayi don ana kwance su da hannu a wanke. A cikin kowace gaɓa akwai 'yan ɓawon roba guda biyu, ka lura da yadda suke zaune kafin ka zare, ka yi aikin a kan farin ƙyalle don kada su ɓace, samun madadinsu a nan yana da wuya. Ka wanke da ruwa da tsohon buroshin haƙori, ka bari su bushe sarai, ka shafa giris kaɗan a kan zaren murɗi kawai. Bututun kansa da ƙwallon kai busasshen ƙyalle suke so, mai a kansu ƙura yake tarawa ya hana su kamawa. Maɗauran ɓallawa kuma suna saki a hankali, ana ƙara musu ƙarfi da ɗan makullin da ke zuwa tare da su, ka sa shi da alanki a aljihun jakar kamara, ka duba ƙusoshin mahaɗar ƙafafu duk daren da ka sauka daga mota.